Robert Newstead: Mai Lambun da Ya Raɗa wa Ƙwari Suna

Idan Allah ya taɓa kai ka birnin Bauchi a watan Afrilu, lokacin da rana take dukan tsakar ka, to, ba sai an gaya maka darajar bishiyar dogon yaro ba. Daga Ƙofar Wunti har zuwa Yelwa, a gindinta masu lemo suke kasa hajarsu, a nan masu gyaran keke suke baje kayan aiki, a nan kuma dattawa suke shimfiɗa tabarma bayan azahar. Wasu suna kiranta darbejiya, wasu kuma maina. Asalinta daga Indiya ne. A shekarar 1928 aka fara dasa ta a ƙasar Borno, daga nan ta bazu cikin garuruwan Arewa, har ta zama tamkar 'yar gida.

Ran da ka sake zama a inuwarta, ka tsinko ganye ɗaya ka dube shi da kyau. Mai yiwuwa ne ka ga wasu 'yan ɗige-ɗige kewayayyu, ruwan ƙasa ko ruwan ɗorawa, kowanne kamar ƙwayar gero da aka latse. Da ganin farko za ka ce datti ne ko kuwa tabon ganye. Amma in ka sa farce ka ɗaga ɗaya a hankali, sai ka tarar murfi ne, a ƙarƙashinsa kuma ga wata 'yar halitta mai taushi kwance. Ƙwaro ne mai rai. Wani iri daga cikin waɗannan ƙwari ya auka wa bishiyoyin dogon yaro a yankin Tafkin Chadi cikin shekarun 1980, a Borno da Nijar da Chadi da Kamaru. Ganye ya riƙa yin rawaya yana zuba, rassa suna bushewa, bishiyoyi da yawa suka mutu a tsaye. Da masana suka zo bincike, ba su sha wahalar gane mai laifin ba, domin tun a shekarar 1894, wato shekara takwas kafin Turawan mulkin mallaka su shiga Bauchi, wani mutum a Ingila ya riga ya siffanta shi, ya raɗa masa suna. Sunan mutumin Robert Newstead, kuma tarihinsa ne za ka karanta yanzu.

An haife shi ranar 11 ga Satumba, 1859, a ƙauyen Swanton Abbott da ke gundumar Norfolk a gabashin Ingila. Iyayensa ba masu hali ba ne. Bai daɗe a makaranta ba, domin yana ɗan kimanin shekara goma ya bar aji ya shiga neman abin kai wa bakin salati. Daga baya ya zama mai aikin lambu a gidajen attajirai. Ka lura da wannan sana'a, gama ita ce makarantarsa ta gaskiya. Mai lambu yana wuni tare da tsirrai, ya san ganyen da yake da lafiya da wanda yake ciwo, kuma dole ya tambayi kansa abin da yake cin shukarsa. Abokan aikinsa sukan murƙushe ƙwaro su wuce. Shi kuwa sai ya ɗauke shi, ya adana, ya zana kamanninsa a takarda, ya nemi littafin da zai faɗa masa sunansa. Da haka ya koya wa kansa ilimin halittu, ba malami, ba jami'a.

Aikin lambu ne ya kai shi yankin birnin Chester a yammacin Ingila. A can akwai wata ƙungiyar masu sha'awar nazarin halittu wadda marubuci Charles Kingsley ya kafa a 1871. Wani daga cikin manyanta, Alfred Walker, ya ga tarin ƙwarin da wannan saurayi ya haɗa, ya gane cewa mai su ba ƙaramin mai basira ba ne, sai ya jawo shi a jiki. Da aka buɗe gidan adana kayan tarihi na Grosvenor a birnin a 1886, Newstead aka ɗora a kan kula da shi, yana da shekara ashirin da wani abu. Ya riƙe wannan aiki shekara goma sha tara. Shi ne mai jera duwatsu da ƙasusuwa, shi ne mai gyara fatun tsuntsaye ya tsayar da su kamar masu rai, shi ne kuma mai amsa tambayoyin 'yan makaranta. Har cikin tsuntsaye yakan feɗe ya ƙirga abin da suka ci, don ya san wanne ne abokin manomi, wanne ne kuma ɓarawon hatsi. Amma abin da ya fi ɗauke masa hankali shi ne waɗannan ƙwari masu murfi, waɗanda mutane ƙalilan ne suka damu da su.

A nan ya kamata mu dakata ka san ƙwaron da kansa, in ba haka ba ba za ka ga girman aikin mutumin ba. Bari mu kira shi ƙwaro mai sulke. Ka san sulke, rigar ƙarfen nan da barade suke sawa ranar hawan salla. To, shi ma wannan ƙwaro yana da abin kariya, sai dai nasa ya fi kama da garkuwa, domin ba a manne yake da jikinsa ba, kife yake a kansa. Rayuwarsa abin mamaki ce. Idan aka ƙyanƙyashe ɗa, yakan fito daga ƙarƙashin murfin uwarsa da ƙafafu shida, ƙanƙane ƙwarai, har da ƙyar ido yake ganinsa. Sai ya yi ta rarrafe na ɗan lokaci a kan ganye ko reshe. A wannan ɗan lokaci ne kaɗai iska take iya kwasarsa zuwa wata bishiya, ko ya maƙale a ƙafar tsuntsu. Da zarar ya sami wurin da ya yi masa, sai ya kafa bakinsa, wanda yake siriri kamar zare, a cikin jikin shuka, ya fara tsotso. In mace ce, daga ranar ta gama tafiya a duniya. Takan yi saɓa sau biyu, ƙafafunta su ɓace, ba ta da fiffike, ta zama kamar 'yar jaka mai baki. Daga ƙarshen jikinta wani irin kaki yake fitowa, tana jujjuyawa a wuri ɗaya tana shafe shi, kamar yadda maginiya take kewaya tukunya, tana haɗawa da fatun da ta saɓe, har murfi ya kammala. A ƙarƙashinsa za ta yi ƙwai, a ƙarƙashinsa kuma za ta mutu. Namiji kuwa daban yake. Yakan fito da fikafikai biyu, amma ba shi da bakin cin abinci, saboda haka kwanansa bai fi ɗaya ko biyu ba.

Yanzu ka sa kanka a matsayin mai rarraba waɗannan halittu. Malam-buɗe-littafi yana da launin fiffike, fara tana da ƙafafu da ƙahoni, kowanne akwai abin da za ka kama ka bambanta shi da ɗan'uwansa. Wannan fa? Ba ƙafa, ba fiffike, ba fuska. Masanan farko sun dogara ga murfin: wani kewayayye, wani dogo kamar ƙwayar shinkafa, wani lanƙwasasshe kamar waƙafi, wani fari, wani baƙi. Sai dai riga ba ta faɗin asalin mai ita. Iri biyu da ba su haɗa komai ba suna iya yin murfi iri ɗaya, kuma iri ɗaya yana iya sauya kamannin murfinsa gwargwadon shukar da ya zauna a kai.

Mafita tana ƙarƙashin murfin. Sai a ciro macen, a jiƙa ta a sinadarin fotash har kayan cikinta su narke, fata kaɗai ta rage, a rina fatar, a shimfiɗa ta a kan ɗan gilashi, a duba da madubin likita. A ƙarshen jikinta akwai wani sashe mai tauri da masana suke kira fijidiyam, wato wurin da kakin nan yake fitowa. A gefensa akwai 'yan tudu-tudu kamar haƙora, da wasu abubuwa kamar geza, da ƙayoyi, da ƙananan bututu. Yawansu da jerinsu ba su cika sauyawa a cikin iri ɗaya ba. Ka tuna yadda a da ake duban tsagar fuskar mutum a gane ko Bagobiri ne ko Babarbare, ko da kuwa wace irin riga ya sa. To, waɗannan alamomi su ne tsagar gadon ƙwaro mai sulke.

Adalci ne a faɗa maka cewa ba Newstead ne ya fara bin wannan hanya ba. Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin, wanda ya kafa tsarin ba kowace halitta suna biyu, na gida da na iri, ya tara 'yan ƙwarin da ya sani a gida ɗaya mai suna Coccus a 1758. Adolfo Targioni Tozzetti na Italiya ya ware masu sulke a rukuninsu a 1868, kuma daga sunan da ya ba su aka sami Diaspididae, sunan danginsu na yau. Victor Signoret a Faransa da John Comstock a Amurka su ma sun yi aiki mai yawa. Abin da Newstead ya kawo shi ne haƙuri, da ido mai kaifi, da hannun zane. Ya shafe shekaru yana bin gonaki da dazuzzuka da ɗakunan rainon tsirrai, yana tattara ƙwarin, yana lura da rayuwarsu tun daga ƙwai. Sakamakon shi ne babban littafinsa a kan ƙwarin wannan dangi na tsibiran Birtaniya, wanda ƙungiyar Ray Society ta buga a juzu'i biyu, na farko a 1901, na biyu a 1903. Juzu'in farko ya fi mayar da hankali ga masu sulke. Zane-zanen da ke ciki suna da kyan da har mai lambu zai iya ɗora ganyensa kusa da shafi ya gane abin da yake damunsa.

Tun kafin littafin ya fito, sunansa ya riga ya ƙetare teku. Ma'aikatan gona a ƙasashe masu nisa sukan naɗe busasshen ganye ko ɓawon reshe a takarda su aika masa ta gidan waya, suna neman ya faɗa musu abin da yake kai. Daga Indiya aka sami ƙwaron da ya siffanta a 1894, ya kira shi Aspidiotus orientalis. Kalma ta biyu tana nufin na gabas. Daga baya masana suka ga alamominsa sun fi dacewa da wani gida, sai suka mayar da shi can, ya zama Aonidiella orientalis. Wannan shi ne maƙiyin dogon yaro da muka fara magana a kansa. Akwai wata ƙa'ida mai kyau a nan da ya dace ka sani. In an sauya wa halitta gida, ba a share sunan wanda ya fara siffanta ta. Ana rubuta shi bayan sunan halittar a cikin baka biyu, alamar cewa an yi ƙaura amma ba a manta da wanda ya yi raɗin suna ba. Haka kuma a 1906 ya siffanta Aulacaspis tubercularis, farin ƙwaro mai sulke da yake addabar mangwaro, wanda a yau ya yaɗu a ƙasashen Afirka da dama yana ɓata 'ya'yan itace.

Wataƙila ka ce, mene ne amfanin wannan wahala duka a kan suna? Manomin da lemonsa yake bushewa magani yake nema, ba Latinanci ba. Tambayar tana kan hanya, amma ga amsarta. Murfin nan yana kare ƙwaron daga yawancin magungunan feshi, saboda haka dole a san lokacin da 'ya'yan suke rarrafe a fili, kuma lokacin ya bambanta daga iri zuwa iri. Ban da haka, babban makamin da ake yaƙarsa da shi wasu ƙananan zanzaro ne da suke saka ƙwansu a jikinsa, su kuwa masu zaɓe ne ƙwarai: wanda yake kashe wannan iri ba lalle ne ya kula wancan ba. A jihar Kalifoniya ta Amurka an yi shekaru masu yawa ana rikita wasu iri biyu masu kama da juna da suke cin lemo, dukansu 'yan gidan Aonidiella, aka yi ta kawo zanzaron da bai dace ba daga ƙasashe masu nisa, kuɗi da lokaci suna salwanta. Sai da aka bambanta su a ƙarƙashin madubi sannan aikin ya kama hanya. Wanda bai san sunan ɓarawo ba, ƙarar wa zai kai gaban alƙali?

A 1905 rayuwar Newstead ta juya. Shekara bakwai kafin nan, a 1898, an kafa makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi a birnin Liverpool, da taimakon kuɗin Alfred Jones, mai kamfanin jiragen ruwan Elder Dempster da suke zirga-zirga zuwa Afirka ta Yamma. Kada ka ɗauka tausayi kaɗai ne ya kafa ta. Zazzaɓi yana kashe Turawan ciniki da na mulki, kuma masu jirage sun ga asararsu. Duk da haka ilimin da ya fito daga cikinta ya amfani kowa. A nan Ronald Ross ya koyar, wanda ya tabbatar da cewa sauro ne yake yaɗa zazzaɓin cizon sauro. Makarantar tana bukatar mutumin da ya iya bambanta ƙwaro da ƙwaro, sai ta ɗauki Newstead malami. A 1911 aka ba shi kujerar farfesa wadda aka kafa don tunawa da Joseph Dutton, matashin likitan da ya gano ƙwayar cutar barci a jinin mutum a Gambiya, ya kuma rasu a Kwango a 1905 yana bakin aiki. Shekara guda bayan haka, a 1912, aka zaɓe shi cikin Royal Society, ƙungiyar manyan masana kimiyya ta Birtaniya. Yaron da ya bar aji yana ɗan shekara goma ke nan.

Aikin makarantar ya fitar da shi duniya. Ya je Jamaika a 1908 ya yi nazarin kaska, ya je tsibirin Malta a 1910 ya binciki wasu ƙananan ƙudaje masu cizo da suke jawo zazzaɓi, ya kuma je Nyasaland, wato Malawi ta yau, a 1911 saboda cutar barci. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko an tura shi Faransa don yaƙi da ƙudajen da suke yaɗa cuta a sansanonin soja.

Aikinsa a kan ƙudan tsando shi ne ya fi shafar ƙasarmu. Ka san tsando, ƙudan da yake sa wa mutum ciwon barci, yake kuma sa wa shanu sammore. Ire-irensa suna kama da juna ainun, masana suna ta saɓani a kansu. Newstead ya yi musu abin da ya saba yi wa masu sulke: ya bar duban launi da girma, ya koma ga ƙananan gaɓoɓin da ke ƙarshen jikin namiji. A 1911 ya nuna cewa tsando ya kasu gida uku, kuma rabon ya zo daidai da mazauninsu: na kurmi, na bakin rafi, da na dajin da ke da bishiyoyi jefi-jefi inda namun daji suke kiwo. Har yau a kan wannan rabo ake tafiya. A 1924 shi da Alwen Evans da W. H. Potts suka fitar da littafin jagora ga masu nazarin tsando. Tsandon dajin Arewacin Nijeriya, wanda har yanzu ana samunsa a gandun dajin Yankari, yana ɗauke da sunan da Newstead ya ba shi a 1910, wato submorsitans. Masu binciken da suka zauna a Sherifuri da Gadau a ƙasar Katagum, cikin jihar Bauchi ta yau, a shekarun 1920 da 1930, suna bukatar wannan bambanci kullum, domin sare kurmin bakin rafi yana korar tsandon rafi, amma ba lalle ne ya kori na daji ba. Makiyayin da ya kora shanunsa zuwa mashaya lafiya bai san sunan Newstead ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Ya ajiye aikin jami'a a 1924, amma bai zauna ba. Birnin Chester tsohon sansanin sojan Rumawa ne, kuma tun yana gidan tarihi duk inda magina suka haƙa rami a garin sai ka gan shi a bakin ramin yana tsintar katangar tukwane da tsoffin kuɗi, yana rubuta inda aka sami kowanne da zurfin da aka same shi. Da tsufa ya zo sai ya ba wannan aiki ƙarfinsa duka. Lokacin da aka gano babban filin wasan Rumawa a birnin a 1929, yana cikin waɗanda suka fara tona shi, yana da shekara saba'in. Yawancin abin da aka sani game da Chester ta zamanin Rumawa a farkon ƙarni na 20 ta hannunsa ya biyo, har mutanen garin da yawa sun fi saninsa da tonon ƙasa fiye da ƙwari. Ya rasu a Chester a watan Fabrairu na 1947, yana da shekara 87.

Rarraba masu sulke bai tsaya da rasuwarsa ba. A zamaninsa ana ɗaukarsu reshe ne kawai a cikin babban dangi guda, yanzu kuwa dangi ne mai zaman kansa, mafi girma a cikin 'yan'uwansa, da ire-ire sama da 2,600. Gordon Ferris a Amurka da Alfred Balachowsky a Faransa sun sake tsara gidajensu a tsakiyar ƙarni na 20, Sadao Takagi na Japan ya ɗora a kai. A 2019 Benjamin Normark da abokan aikinsa suka gwada ƙwayoyin gadon ɗaruruwan ire-ire, suka raba dangin zuwa manyan rassa huɗu, aka kuma sauya wa ire-ire da dama gida. Amma mai bincike a jami'a, in manomi ya kawo masa ganyen mangwaro mai fararen ɗige-ɗige, har gobe sai ya ɗaga murfi, ya jiƙa macen a fotash, ya shimfiɗa ta a gilashi, ya sunkuya a kan madubi yana ƙirga haƙoran ƙarshen jikinta ɗaya bayan ɗaya.